Tanti, Tamfol ko Bukka: Abin da Ɗan Birni Zai Saya Kafin Ya Tare a Gona

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, samari da yawa da suka samu gona nesa da gari suka fara lissafin cewa jeka-ka-dawo ba zai fisshe su ba, gara su tare can har kaka. Niyya ce mai kyau, ni ma na yi ta. Abin da ke damuna shi ne yadda wanda bai taɓa kwana a daji ba yake zuba kusan duk jarinsa a kan tanti, ya manta cewa gero sai ya yi wajen wata uku kafin a ci tumu, wake ɗan wuri ma sai ya haura wata biyu. A tsakanin shuka da girbi gona ba ta ciyar da kowa. Saboda haka kafin a zo maganar wane tanti, a san cewa tanti ba shi ne zai ci kaso mafi tsoka a kuɗin ba.

Ɗan ƙaramin tantin leda mai sandunan roba masu lanƙwasuwa, irin wanda ake gani a gwanjo da shagunan intanet, shi ya fi jan ido. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai kafa shi cikin minti goma, yana da raga da zif da ke tsare sauro. Amma an yi shi ne don kwana biyu ko uku, ba don damina guda ba. Rana tana cinye ledar har ta riƙa yagewa kamar takarda, zif ya cika da yashi ya ƙi rufuwa, da hantsi kuma cikinsa ya zama tanderu. Nawa ya kai ni sati biyar. Daren da hadari ya taso daga gabas, iska ta kwantar da shi a kan fuskata, sanda ɗaya ta karye, na kwana riƙe da ɗaya, ruwa yana bi ta ɗinki yana sauka a kan buhun gari. Idan za ka saye shi, ka nemi mai riga biyu, wato raga a ciki da rufi daban a waje, kuma ka ɗauke shi a matsayin gidan sauro mai ƙasa, wanda za a kafa a ƙarƙashin wata inuwar.

Tantin kanbas, irin na sojoji, wani abu ne daban. Yana numfashi, zafinsa da sauƙi, mutum yana miƙewa tsaye a ciki, yana jure iska idan an kafa turaku da kyau. Aibinsa nauyi da tsada, kuma mutum ɗaya ba ya kafa shi. Idan aka naɗe shi da danshi, fumfuna za ta kama shi cikin kwanaki. Wanda zai saya na hannu ya shimfiɗa shi a rana, ya shiga ciki ya ɗaga kai: duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Ya sunsuna shi, ya ja bakin da igiya ke shiga da ƙarfi. Ga mutum uku ko huɗu da suka haɗa kuɗi, wannan ya dace. Ga mutum ɗaya mai ƙaramin jari, ya yi yawa.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne tamfol mai kauri da bukka. Tamfol kala-kala ne, kada mai shago ya ruɗe ka da girma. Shuɗin nan marar nauyi da ake shanya hatsi a kai ba ya kai ƙarshen damina a rana. Nemi irin wanda ake rufe kayan tirela da shi, ka duba ramukan bakinsa ko na ƙarfe ne kuma an ninka gefen an ɗinke. Mai mita 4 da 6 ya ishi mutum ɗaya da kayansa. Ka fara da shi a kan azara da dirka, sannan a makon farko ka biya mutanen ƙauyen su ɗaura maka bukka ta kara da zana da jinkan ciyawa. Sun fi ka sanin wace ciyawa ce ba ta yoyo, kuma babu tantin da ya kai jinka sanyi da rana. Daga nan tamfol ya koma rumfar girki da ajiya, da kaka kuma a yi sussuka a kansa. Kuɗi ɗaya, aiki uku. Illar bukka biyu ce, gara da wuta, don haka murhu ya yi nesa da ita, a riƙa duba gindin dirkoki.

Ko wanne ka zaɓa, wurin kafawa ya fi kayan muhimmanci. Ka hau tudu ko jigawa, ka guji kwari ko da ya yi maka lumshi da rani, domin marka ta watan Agusta za ta nuna maka hanyar ruwa ce. Ƙofa ta kalli yamma, ta ba gabas baya. A haƙa 'yar kwata a zagaye, a share ciyawa taku da yawa ta kowane gefe.

Sharar nan saboda maciji ce, kuma nan ne nake so a buɗe aljihu. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, ita ce ta fi yi wa manoma ɓarna a yankinmu, har akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Kada ka kwanta a ƙasa. Tsakanin katifa a kan tabarma da gadon ƙarfe mai naɗewa, ɗauki gadon. Idan kuɗi bai kai ba, gadon kara da za a ɗaura maka a ƙauye ya wadatar. Takalmin roba mai tsawo zuwa gwiwa ya fi kowane kambas, a zazzage shi kowace safiya saboda kunama. Idan tsautsayi ya faru, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Tun kafin ka tare ka san wane asibiti ne kusa da ke da maganin dafi, ka kuma riƙe lambar mai babur a ƙauyen. Gidan sauro mai magani kuwa ba abin shawara ba ne, damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, kuma kwanciyar mako guda a lokacin noman farko tana iya kashe gona.

Ruwa. Ka lissafa kusan lita 20 a rana don sha da girki da wanka. Jarkoki biyu ko uku masu lita 25, waɗanda aka ci man girki a ciki ba na fetur ko maganin feshi ba, da tulu ɗaya don sanyi. Mutane suna jefa alif a ruwan rafi su ga ya kwanta garau su sha. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya kwanta sai a tafasa ko a sa ƙwayar kulorin da ake sayarwa a kemis. Tafasawa tana cin itace, ƙwayar kuma ba ta da nauyi, ni ita nake ɗauka. A guji wanka a kududdufi da magudanan noman rani saboda tsargiya.

Wajen girki, duwatsu uku kyauta ne amma itace jiƙaƙƙe a Agusta sai ya sa ka kwana da yunwa. Ƙaramar tukunyar gas tana ceto a ranar ruwa, matsalarta sai an je gari kafin a cika ta. Kurfoti da buhun gawayi a lulluɓe shi ne tsaka-tsaki. Kada a taɓa shigar da garwashi cikin rufaffen tanti don jin ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Haske kuwa, fitilar sola mai cajin waya da tocila ta goshi sun gama magana. Adda, gatari, fartanya da igiya mai yawa ka saye su a kasuwar ƙauyen, maƙerin can ya san irin ƙasarsu.

Sauran kuɗin duka abinci ne, na wata uku cur: gero ko masara, shinkafa kaɗan, wake, garin rogo da ƙuli-ƙuli na ranar gajiya, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, gishiri, mai. Wanda ke Kano zai samu sauƙi a Dawanau idan da kwano da yawa zai auna. A zuba a durom ko bokiti mai murfi, domin ɓera ba ya jin kunyar buhu. Daji zai ba ka tafasa da lalo da rama da yaɗiya, amma miya ce da kwaɗo, ba tuwo ba, kuma kada ka ci ganye ko lemar kwaɗi da ɗan gari bai nuna maka da hannunsa ba.

Akwai abin da ba a saya a kasuwa. Kafin ka kashe ko kwabo, je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka tambaya ko mutanen garin da kansu suna kwana a gona. A dazuzzukan Zamfara, yammacin Katsina da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka hana noma shekara da shekaru, amsar sau da yawa a'a ce. Idan suka ce ba sa kwana, kama ɗaki a cikin gari ka riƙa fita da asuba. Idan suka ce lafiya lau, ari tamfol ka yi kwana uku a can tukuna, ka rubuta duk abin da ka nema ka rasa, da wannan takardar za ka shiga kasuwa.