Ofishin masu kimanta diyya da na ɗauka a Birnin Kebbi

Ranar da na tarar da jan fenti a jikin mangwarona, da turaku jere sun ratsa gonar gadonmu ta wajen Argungu, ban ci tuwon dare ba. Maigari ya ce aikin hanya ne zai bi ta nan, kuma za a biya diyya. Wani abokina da muka yi koyarwa tare shi ya nuna mini wani ofishin masu kimanta kadara a Birnin Kebbi, ɗaki biyu a saman bene, fanka ɗaya ke aiki.

Abin da ya fara burge ni da mai ofishin, bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce, "Baba Malam, ƙasar kam ba za a biya ka kuɗinta ba." Ya buɗe Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya fassara mini. Ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce diyya tana kan abin da ka ɗora bisa ƙasar: gini, rijiya, itatuwa, shuka. Gonar da kakana ya sare ke nan! Na ji zafi, amma gara da na ji a zaune.

A wajen ƙirga ne kuɗina ya halatta gare su. A ƙirgar farko da hukuma ta yi, an rubuta mini mangwaro 9, duk a matsayin dashe ƙanana. Yaran ofishin suka zo da tef da kyamara, suka auna kaurin kowace bishiya, suka ɗauki hoto ina tsaye a gindinta, suka fito da 14, goma sha ɗaya masu 'ya'ya. Suka ƙara da giginya uku da ɗorawa biyu, da rijiyar da aka tsallake don ciyawa ta rufe bakinta. Har kaɗanyar da ni kaina na manta tana cikin iyakata.

Muna hutawa a inuwa mai ofishin ya ba ni labarin manoman Amurka. Kamfanin Summit Carbon Solutions ya so shimfiɗa bututu ta jihohi biyar, ya kwashi iskar kabon daga masana'antun da ke tace man itanol daga masara, a binne ta can ƙarƙashin ƙasa a Dakota ta Arewa. Manoma suka ce kamfanin 'yan kasuwa ne, da wane dalili zai ari ikon gwamnati ya ratsa gonar wanda bai yarda ba? Ga tsoro kuma, tunda irin bututun ya taɓa fashewa a Satartia ta jihar Misisifi a 2020, mutane sama da 40 suka dangana da asibiti. A watan Maris na 2025 Dakota ta Kudu ta yi doka ta hana karɓe fili da ƙarfin hukuma don irin wannan bututu. Na ce to, su gardamarsu a ba da ko a hana, mu tamu nawa za a ba mu. Ya yi dariya, ya ce hanya dai ta kowa ce, ba ɗaya suke ba. Na yarda masa rabi.

Inda suka gaza, waya. Tunda na sa hannu a takardar wakilci, sai in kira sau biyar ba a ɗauka, dole in hau mota in je da ƙafata. Takardar ma da Turanci take, kuma sai da na matsa aka cire layin da ya ce kuɗin diyyar zai fara shiga asusunsu. Wanda bai yi boko ba ya tafi da ɗansa mai karatu. Kamashonsu kashi 10 cikin 100, bayan an biya.

Maƙwabcina da bai ɗauki kowa ba ya roƙe ni in raka shi wurinsu ranar Litinin, kuma na ce masa zan raka shi.