Kiɗan fim da babban gogen Turawa: wane faifai za ka fara saye?

A Yamai ba za ka shiga Babbar Kasuwa ka tarar da faifan kiɗan selo, wato babban gogen Turawa, jere a kanti ba. Ko dai ka saye shi ta intanet, ko ka roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa ya taho maka da sidi. Tunda kuɗi ne da alfarma, gara mutum ya san abin da yake so kafin ya yi aike.

Ni dai shawarata, a fara da faifan da makaɗin selo Yo-Yo Ma ya yi na kiɗan Ennio Morricone, mai tsara kiɗan fim, a 2004, wanda Sony Classical ya fitar. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran shi ne Morricone da kansa ya sake tsara kiɗan domin selo, shi ne kuma ya jagoranci makaɗan Roma Sinfonietta. A ciki akwai jigon kiɗan fim ɗin The Mission na 1986, wanda asalinsa busa ne, da na Cinema Paradiso na 1988. Yo-Yo Ma ba ya gaggawa. Yakan ja sauti ɗaya har ka ji inda bakan ya juya a kan tsirkiya, makaɗan baya kuma ba sa danne shi. Wanda ya saba sauraron goge zai gane wannan jan nan take, sai dai muryar selo ta fi kauri da zurfi.

Na biyu shi ne Score na 2Cellos, wato makaɗan selo biyu, Luka Šulić da Stjepan Hauser, da ya fito a 2017 tare da London Symphony Orchestra. Nan ne za ka ji kiɗan Titanic da Gladiator da Game of Thrones. Yana da armashi, ya dace da mota ko fada inda ake shan shayi ana hira. Amma an cika shi da amo, kuma in ka saurare shi a jere sai ka ji kiɗan ya fara kama da juna.

Akwai kuma faifan da shi ne ainihin kiɗan fim ɗin, ba sake kaɗawa ba. Na Tan Dun a Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000, inda Yo-Yo Ma ya ja selo tare da gangunan Sin, ya ci Oscar, kuma ina son sa ƙwarai. Na Joker na 2019 kuwa, na Hildur Guðnadóttir 'yar Ayislan, shi ma ya ci Oscar, amma kiɗa ne mai nauyi da ƙunci. Kada ka saye shi don hutun dare.

Duk wanda ka zaɓa, kula da abin da za ka saurara da shi. Tsirkiyar selo mafi kauri tana sauka har kusan haz 65 a ma'aunin sauti, wato sauti mai kauri sosai, ƙaramar lasifikar salula kuwa ba ta fitar da wannan, sai ka ji kiɗan ya sirance. Kwafin da ya bi ta WhatsApp ko aka ciro daga bidiyo shi ma sau da yawa an matse shi. In kuɗinka bai kai faifai biyu ba, sayi na Morricone, ka sa ragowar a abin sawa a kunne mai kyau. Sidi kuma a ɓoye shi cikin gidansa, don ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba sa raga masa.