Matashiyar waƙa ta mako-mako: littafi, kati ko manhaja?

Duk mai rubuta waƙa ya san ranar da alƙalami ke ƙin motsi. Abin da yawancinmu ke nema a irin wannan rana shi ne matashiya, wato ɗan umarnin da za a ba ka duk mako ka gina waƙa a kansa. Yanzu abin ya zama haja: akwai littafi, akwai kati (ƙunshin katuna, kowanne da matashiyarsa), akwai manhajar waya, ga kuma aji na biyan kuɗi duk wata. Na gwada duka huɗun, kuma ba zan ɓoye ba, littafi ne zaɓina.

Amma fa ba kowane littafi ba. Nemi mai matashiya 52, ɗaya ga kowane mako na shekara, wanda kuma zai ɗaure maka hannu. Wadda ta ce "rubuta waƙa a kan ruwan sama" ba ta tsinana maka komai ba. Ta ƙwarai ita ce mai cewa: yi ƙwar biyar (baiti mai ɗango biyar, wato layi biyar), baiti bakwai, babban amsa-amo (sautin ƙarshen kowane baiti) ya ƙare da "wa", kuma kada kalmar ruwa ta fito ko sau ɗaya. Na taɓa kwana uku a kan irin wannan, ina ta soke ɗango na biyar, har dole ta sa na rubuta ƙarar rufin kwano da ƙamshin ƙasa. Ita ce waƙar da har yau ban ji kunyarta ba. Marubutan ƙungiyar Oulipo da suka haɗu a Faransa a 1960 a kan wannan dabara suka tsaya, takura wa kai da ƙa'ida.

In ka ɗauki littafin, kada ka tsaya a shafin farko, buɗe wajen mako na 30. Masu rubuta irinsu sukan zuba gwanintarsu a gaba, su cika baya da ƙaiƙayi. Duba ko akwai waƙar misali a kowane mako, ka kuma ƙirga fararen shafuka, kada ka sayi littafin rubutu da tsadar littafin karatu. Sannan ka lura da batun kari, wato ma'aunin ɗango. Turanci da ƙarfin furuci yake auna ɗango, Hausa kuwa da nauyin gaɓa, kamar arulin Larabci mai karuruwa 16. Umarnin da aka gina a kan karin Turanci ba zai hau bakinka ba.

Kati yana da daɗi in kuna da yawa, amma wata biyu rabinsa ya ɓace. Manhaja kuwa, a wayar da ke hana ka rubutun take zaune.

Aji shi ne ya ƙona ni. Na biya, ina tura waƙa duk mako, "malamin" yana maido mini da yabo mai sanyaya rai. A mako na huɗu wata abokiyar karatu ta nuna mini nata sharhin, ashe kalma da kalma irin nawa ne. Ba a jima ba saƙo ya zo wai an zaɓi waƙata cikin kundin shekara, sai dai in biya kuɗin kwafina tukuna. Don in gwada su, na kwafi bayanin da ke jikin kwalin magani, na yanka shi ɗango-ɗango na tura. Shi ma aka zaɓe shi, har da taya murna! Ita wannan sana'a marubutan ne kasuwarta, babu mai karanta kundin. Da na nemi fita kuma na tarar ana cirar kuɗi daga katina na banki kai tsaye kowane wata, ga wani sharaɗi can ƙasa da ya ba su ikon buga waƙoƙina yadda suka ga dama.

Littattafan ma yanzu akwai jabu, waɗanda na'ura ta zubo aka liƙa musu sunan marubucin da ba a san waƙarsa ko ɗaya ba. Za ka gane su da maimaici, da kuma kuskuren da mawaƙi ba zai yi ba: su ce sonet (wani salon waƙar Turai) ɗango 12 ne alhali 14 ne, ko su birkita gaɓoɓin haiku (gajeruwar waƙar Japan mai ɗango uku), 5, 7, 5. Kafin ka fitar da ko sisi, jira Afrilu. Tun 2003 ake yin ƙalubalen waƙa 30 cikin kwana 30 a intanet duk watan Afrilu, matashiyarsa kuma kyauta ce.