Metro ko ƙaramar bas: zuwa makaranta a Alƙahira

Tun da na fara koyarwa a Alƙahira, hanya biyu nake bi zuwa aiki, kuma kowacce da halinta.

Metro, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, shi ne abokin mai aji da ƙarfe takwas. Layin farko ya fara aiki a 1987, na farko a Afirka. Ba ruwansa da cunkoson titi. Matsalarsa ita ce turereniya, musamman a tashar Shuhada da ke ƙarƙashin dandalin Ramsis, inda layi biyu suka haɗu. Nan sai na rungume jakar littattafan ɗalibai a ƙirji. Mata kuwa suna da taragunsu daban, abin da ya kwantar wa maiɗakina hankali.

Ƙaramar bas tana kaiwa unguwannin da jirgi bai leƙa ba, sai dai idan titi ya cushe, ka makara kawai. Amma a cikinta na koyi Larabcin kasuwa. Kuɗin mota hannu da hannu yake tafiya daga kujerar baya har zuwa direba, canji ya dawo ta wannan hanyar bai yi ciwon kai ba. Ranar da na fara cewa "ala gamb ya usɗa", wato "tsaya a gefe, direba", direba ya tsaya mini, har gida ina murmushi.

Da safe dai ba na wasa da metro. In an tashi ranar Alhamis, bas nake shiga, in zauna kusa da taga.