PhysiCell: manhajar da ke nuna yadda ƙarin ciwon daji yake girma

PhysiCell manhaja ce ta kyauta da ake kwaikwayon girman ƙarin ciwon daji da ita a kwamfuta, wadda Paul Macklin da abokan aikinsa a Amurka suka gabatar a shekarar 2018. A ganina, duk malamin da ke koyar da ɗaliban likitanci ko na lissafi a nan Damagaram ya kamata ya san ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɗaukar ƙarin a dunƙule. Kowace ƙwayar halitta da halinta: tana shan oksijin, tana rabuwa biyu, tana ture maƙwabtanta, idan kuma iskar ta yanke mata sai ta mutu. Da yake oksijin ba ya ratsa tsoka fiye da kimanin maikiromita 100 zuwa 200 (wato milimita 0.1 zuwa 0.2) daga jijiyar jini, ɗalibi zai ga da idonsa yadda gefen ƙarin ke ta hayayyafa alhali tsakiyarsa ta riga ta mutu, kuma yana iya rage iskar da kansa ya ga abin da zai biyo baya. Daga nan bayanin da Judah Folkman, wani likita ɗan Amurka, ya yi a 1971, cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, zai zauna masa fiye da yadda zane a allo zai zaunar.

Tana da wahalarta. An rubuta ta da C++, wani harshen shirya manhaja, kodayake PhysiCell Studio, wata manhajar da ake sarrafa ta da ita ta hanyar danna maɓallai, tana sauƙaƙa wa wanda bai iya ba, kuma bayananta da Ingilishi suke, ɗalibanmu kuwa da Faransanci suka yi karatu. Babban gwaji yana iya cin awoyi, don haka inda wuta ke yawan ɗaukewa lokacin bazara, gara a fara da ƙananan ƙwayoyi kaɗan a shimfiɗe, wato a tsawo da faɗi kawai ba zurfi.

Inda nake jan kunne shi ne, alƙaluman da mutum ya zuba mata su take bi, ba jikin wani majinyaci ba, saboda haka kada a yanke wa kowa magani da ita. Matar da ta ji kullutu a nono, asibiti za ta je a ɗebi tsoka a gwada, idan kuma gashin ƙarin da haske (radiotherapy) ya kama, tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa Yamai, inda aka fara shi a 2021.