Hon Mai Faifai Da Mai Dodon Koɗi: Wanne Ya Dace Da Tsohuwar 504?

Alhaji, ka ce hon ɗin Peugeot 504 da ka gada daga mahaifinka ya shaƙe, kana tambaya ko a saita shi ko a sa mai dodon koɗi irin na yanzu. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai ina roƙonka kada ka bari a cire na asalin, wato mai faifai, tukuna.

Cikinsu kusan ɗaya ne: kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya mai zama maganaɗisu in wuta ta shiga, da fuwan, ƙananan ƙarafa guda biyu masu haɗuwa suna rabuwa don saki da yanke wuta, da siririn farantin ƙarfe mai kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. A mai faifai, ƙarfen tsakiya yana bugun zuciyar kwayil, shi ya sa muryarsa take da kaifi, tana ratsa hayaniyar Ƙofar Ƙaura da yamma har mai Keke Napep ya waiwayo. Mai dodon koɗi ba ya bugun komai, iska yake turawa cikin murɗaɗɗen bututu, sai murya ta fito da taushi da cika, irin ta motar manya. Yawanci biyu ake haɗawa, mai kaurin murya wajen kaɗawa 400 a daƙiƙa, mai siririyar murya wajen 500.

Wajen saiti ne suka rabu sosai. Kowanne yana da ɗan sukuru a baya, wani da noti mai kulle shi, amma mai faifai ya fi jin magana, kana juyawa kana jin murya tana sauyawa. Na dodon koɗi tsawon bututunsa ya riga ya yanke masa murya. Sukurun nemo maka wurin da ta fi fita kawai zai yi. Na sha ganin yara a gareji suna ta murɗa shi wai sai ya yi kauri, har kwayil ya ƙone, abin yana ba ni takaici.

Kafin sukundireba ta taɓa hon ɗin naka, a kai masa wuta kai tsaye daga batir. In ya yi kuka garau, laifin na waya ne, ko fiyus, ko tsatsa a inda ya kama jikin mota. Wayar da ta shekara 40 ba ta kai wuta yadda ya kamata, kuma hon biyu suna iya jan amfiya 8 zuwa 10, don haka rewaya ya sa maka rile, ɗan makunnin da zai riƙa ɗebo masa wuta daga batir. In kuwa bai washe ba, a yi wa sukurun alama da fenti, a tada inji, a juya kwata ɗin zagaye, a danna kaɗan a saki. Ka ji "ƙas" sau ɗaya sannan shiru? Cire hannu maza, fuwan ba sa rabuwa, wuta tana dafa kwayil. A koma baya a hankali.

Tsofaffin masu faifai da yawa sukurori ne a gefensu, ana buɗewa a goge fuwan da sanfefa mai laushi. A kula da gaskit ɗin takarda, kaurinsa yana cikin saitin. Na dodon koɗi da ke kasuwa yanzu galibi roba ne a manne, in ya mutu ya mutu.

Sai ƙurarmu. Wanda yake bin hanyar Daura a lokacin hunturu ya san abin da take yi. Bututun dodon koɗi yana tara ƙura, damina ta zo ruwa ya shiga ya zama laka, dole bakinsa ya kalli ƙasa. Mai faifai bai da wannan ramin.

In muryar dodon koɗin ce ta shiga ranka, sa shi, amma ka nannaɗe na Baba ka adana. Kuma ko wanne ka ɗaura, ya zauna kan ɗan ƙarfensa mai lanƙwasa, kada jikinsa ya taɓa bodi, don yana taɓawa muryar za ta sake shaƙewa.