Tabon kuraje a fuska mai maiƙo: niyasinamaid ko bitamin C?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya wanne sirom (wato ruwan gyaran fata da ake ɗigawa a fuska) za ki saya don tabon kuraje, na niyasinamaid ko na bitamin C. Ki ɗauki niyasinamaid ɗin kawai. Ga fuska mai maiƙo da kuraje suka bar wa baƙin tabo, ga shi kuma kina son abin da zai zauna lafiya a ƙarƙashin kwalliya, ban ga abin dogon tunani tsakaninsa da sirom ɗin bitamin C ba. Duka biyun sun shiga hannuna. Ɗaya har yau yana gaban madubina, ɗayan kuwa ko rabin kwalbar ban kai ba.

Lokacin da na fara shafa niyasinamaid, kumatuna da haɓata duk tabo ne. Sai na lafta faundeshan mai kauri in rufe, kafin azahar maiƙo ya narkar da shi, goshi da karan hanci suna ta ƙyalli, tabon ya leƙo ta ƙasa. Abin da na fara lura da shi ba tabon ba ne ma, maiƙon ne ya ja baya, hoda ta fara kaiwa yamma ba tare da na yi ta dannawa da tishu ba. Daga nan sababbin kurajen suka ragu, wanda ya fito ma ba ya yin fushi irin na da. Tabon shi ne na ƙarshen tafiya, kuma a hankali ya riƙa kodewa har ban san ranar da na daina neman faundeshan mai kauri ba. Wata rana ƙanwata ta tsare ni da tambayar wace sabuwar hoda na samo, alhali ranar ban shafa komai ba sai man kariya daga rana. Wallahi wannan tambayar ta fi mini duk wani yabo daɗi.

Dalilin da ya sa yake yi wa irin fatarmu aiki ba ɓoyayye ba ne. Duk inda ƙurji ya kumbura, ƙwayoyin da ke samar da launin fata, wato melanin, sai su zuba shi fiye da ƙima a wurin, kuma gwargwadon duhun fata gwargwadon daɗewar tabon. Niyasinamaid wani nau'i ne na bitamin B3. Ba ya kashe waɗannan ƙwayoyin, abin da yake yi shi ne rage miƙa launin zuwa saman fata, saboda haka tabo yake dusashewa amma launinki na asali yana nan yadda Allah ya yi shi. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna man da ke ɗauke da kashi 5 cikin ɗari na niyasinamaid yana rage duhun tabo cikin makonni, wani na 2006 ya nuna kashi 2 ma yana rage maiƙo, tun a 1995 kuma an gwada kashi 4 a kan kuraje na tsawon makonni 8 aka ga ya yi kafaɗa da kafaɗa da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da likitoci ke ba masu kuraje su shafa. Kin ga abu ɗaya ya taɓa matsalolinki uku.

Ki lura da waɗannan lambobin: 2, 4, 5. Kasuwa ta cika da masu kashi 10, har da 20, saboda babbar lamba ta fi jan ido. Ba su fi aiki yadda ake zato ba, kuma wasu fatun suna yin ja da ƙaiƙayi da su. Mai kaurin nan kuma shi ne yake murjewa idan aka ɗora faundeshan a kai, ki ga yana fita ƙanana-ƙanana a yatsa. Nemi mai kashi 4 ko 5, mai ruwa-ruwa. Idan mai 10 kaɗai kika samu, ɗigo biyu ya isa duk fuska, sau ɗaya a rana. A jikin kwalba za ki ga an rubuta Niacinamide, kuma ya kamata ya zo cikin sunayen farko-farko a jerin sinadaran, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta.

Bitamin C kuwa, ba zan ce ba ya aiki ba, yana rage samar da launin tun daga tushe, kuma masu busasshiyar fata da yawa suna yabonsa. Amma ainihin mai ƙarfin, wanda ake rubuta wa L-ascorbic acid, sai an haɗa shi da tsami sosai kafin ya shiga fata, yawanci kashi 10 zuwa 20, kuma wannan tsamin a kan fuskar da ke da ɗanyen ƙurji raɗaɗi ne. Ga shi ba ya son haske, ba ya son iska, ba ya son zafi. Nawa ya zo fari tas, ya koma rawaya, ya koma ruwan ƙasa tun ina lallaɓa shi, kuma da zarar ya kai wannan launin ya tashi aiki. Wanda zai iya ajiye shi a firji ya shanye kwalba cikin 'yan watanni, bismillah. Ni dai ban sake saye ba.

Sai dai ko wanne kika ɗauka, idan babu man kariya daga rana tufka da warwara kike yi. Rana ce take ƙara dafa tabo. Ki nemi mai SPF (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama, ki shafa kowace safiya, ko da hadari, domin hasken yana ratsa gajimare. Kada ki dogara da SPF ɗin da aka rubuta a jikin faundeshan ko hoda, babu mai shafa su da yawan da zai ba da wannan kariyar. Idan kin samu mai ɗan launi ya fi, saboda sinadarin ƙarfen da ke ba shi launi yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa fata mai duhu tabo, sannan ba ya barin fuska fari fat kamar an barbaɗa toka. Da a ce kuɗinki na abu ɗaya ne, da man kariyar zan ce ki fara saye, sirom ya biyo baya.

Yadda nake jerawa da safe: in wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, in ɗiga sirom, in bar shi ya bushe sosai, in shafa mai marar nauyi, sai man kariya, in ƙara jira kaɗan, sannan kwalliya. Gaggawar ɗora wannan kan wancan ita ke sa su cakuɗe. Faundeshan kuma a dinga dannawa da soso, ba gogawa ba. Da dare a wanke komai tas, komai gajiya. Tunda zancen faundeshan ya zo, idan za ki gwada launi kada ki gwada a bayan hannu, ki shafa a gefen muƙamuƙi, ki fita hasken rana ki duba, ki kuma ba shi ɗan lokaci, don a fuska mai maiƙo yakan ƙara duhu bayan an shafa.

Kafin sabon abu ya hau fuskarki, ki gwada shi a cikin dantse, wuri ɗaya, safe da yamma na kwana 7 zuwa 10. In ba ja, ba ƙaiƙayi, ba kumburi, sai ki kai shi fuska. Kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kika fara uku rana guda fuska ta rikice, ba za ki san mai laifin ba.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Da zarar masu sayarwa sun ji kin ce tabo, za su cika miki akwatin saƙo da hotunan kafin da bayan amfani, da alkawarin kwana bakwai. Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, tabo kuma yana son makonni 8 zuwa 12 kafin a ga bambanci na gaske. Duk man da ya haskaka fuska cikin mako ɗaya akwai abin da aka zuba a ciki ba a gaya miki ba. Galibi ɗayan uku ne. Na farko sitiroyid mai ƙarfi irin su clobetasol, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata. Farkon shafawa fuska takan yi luwai-luwai, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta ɓullo, gashi ya tsiro a fuska, kuraje su dawo fiye da da, ranar da aka daina kuma fuska ta ɗauki zafi da ja. Na biyu haidrokwinon. Shi magani ne na gaske a hannun likita, na 'yan watanni, amma shafa shi shekara da shekaru yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya fita. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2001, Amurka ma tun 2020 sai da takardar likita. Na uku zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga jaririn da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage amfani da zaiba, ta sa kayan kwalliya cikin abubuwan da ake son raba su da ita, amma har gobe ana kama ta a mayukan hasken fata. Wani lokaci da sunan calomel take zuwa, wani lokaci ba a rubuta komai ba.

Don haka duk haɗin da aka ɗura a roba ba suna, ba jerin sinadarai, ba ranar lalacewa, mai sayarwa tana cewa sirrinta ne, na gargajiya ne zalla, ki bar mata kayanta, ko da ƙawarki ce. Wasunsu ma su kansu ba su san abin da ke ciki ba, sari suka yi suka sake zubawa. Niyasinamaid ɗin ma akwai jabunsa, tunda ya yi suna. Ki duba lambar rukunin da aka buga a ƙasan kwalba ta yi daidai da ta kwali, hatimin bakin bai taɓa buɗuwa ba, ba a kankare kwanan wata ko an liƙa wata takarda a kai ba, rubutun kuma ba ya gogewa da yatsa. Akwai ɗan zanen kwalba mai buɗaɗɗen murfi da 6M ko 12M a ciki, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe. Wadda ta ce za ta ɗiba miki kaɗan daga babbar kwalba a sauƙaƙe, ba ki san da me ta cika ba. Idan farashi ya faɗi ƙasa warwas da na ko'ina, araha ba ta ado.

Abu biyu da sirom ba zai yi miki ba. Ba ya cike ramin da ƙurji ya bari, launi kawai yake taɓawa. Kuma idan kurajen manya ne masu zafi da ke zama a ƙarƙashin fata, wannan aikin likitan fata ne, don muddin suna fitowa sabon tabo yana tafe. Ki daure ki daina matsa su. In kina da ciki ko kina sa rai, niyasinamaid ba ya cikin abubuwan da ake hanawa, amma ki kauce wa duk mai retinol (wani nau'in bitamin A), don wasu kamfanonin suna haɗa su a kwalba ɗaya.

Ranar da za ki fara, ɗauki hoton fuskarki kusa da taga ba kwalliya, ki ajiye ki kwatanta bayan wata biyu, domin mai kallon madubi kullum ba ta ganin canji. Idan kin samo kwalbar, turo hoton bayanta nan kafin ki biya, mu duba miki jerin sinadaran.